Ku Za Mu Ba

Wayar ta shigo ne tana tsaye gaban babban injin wanki, tana kallon 'yan zannuwan gadon wani ƙaramin masauki suna juyi a cikinsa. Injin da aka ƙera don ya haɗiye kayan asibiti guda, ga shi yana ta fama da abin da bai kai loma ba.

Har yanzu kowa Darakta yake ce mata. Sunan ya biyo ta daga tsohon kamfani, inda ta daɗe tana cikin daraktoci, har ya shiga gida ya zauna. Mahaifiyarta ma in za ta aike ta cewa take, "Darakta, miƙo mini tabarau." Watan jiya ta ajiye muƙamin. Ba faɗa aka yi ba. Ciyaman, wanda ya kafa kamfanin, wanda kuma ya koya mata wanki da gugar otal-otal tun tana sabuwar fitowa daga jami'a, shi ya ɗauko ɗansa ya ɗora a kujerar da kowa ya ɗauka tata ce. Ta yi murmushi, ta taya murna, ta jira ƙura ta lafa, sannan ta ajiye aiki. Ita da ƙaninta Auta suka kama hayar wani tsohon sito a bayan layin masu gyaran mota, suka kafa injina biyu na hannu, suka ɗauki mata masu guga. Komai ya kammala sai aiki. Kowa a wurin ya san in babban aiki bai shigo ba, siton ba zai ga ƙarshen shekara ba, sai dai ba mai faɗa.

Ta toshe kunne ɗaya ta amsa.

"Ranki ya daɗe, kun yini lafiya?"

Manajan sabon asibitin nan ne na bakin babban titi. Saurayi ne mai ladabi, wanda bai taɓa ce mata "ke" ba. Tun ranar da suka fara haɗuwa "ku" yake ce mata, ko da ita kaɗai ce a ofishinsa, irin tarbiyyar gidan da ba a tsinka wa babba magana.

"Hukumar asibiti ta zauna jiya a kan maganar wankin nan," ya ce. "An duba kowa, an yanke shawara. Ku za mu ba."

"Mun gode," ta ce. Bakinta ne ya riga ta.

"Sai ku shigo ranar Laraba da safe, in nuna muku inda za a riƙa kwasar kaya, kafin a zo sa hannu."

Da ya kashe, ta tsaya da wayar a hannu. Auta ya fito daga bayan ɗaya injin da sifana, hannunsa duk baƙin mai.

"Yaya, lafiya? Kin yi tsaye kamar an dasa ki."

Ta faɗa masa. Ya ajiye sifanar a hankali, ya zauna kan bokitin sabulu, ya rufe fuska da hannuwan nan masu mai. Da ya buɗe, dariya yake yi, idonsa ya kawo ruwa.

"Asibitin gaba ɗaya? Zannuwa, rigunan tiyata, labule, komai?"

"Komai."

"To me ya sa fuskarki ta yi haka?"

"Cewa ya yi 'ku'."

"Sai me? Mutumin nan ko kyanwa ya gani 'ku' zai ce mata."

"Shi ne ai. Ban san wa yake nufi ba. Ni, ko su."

Ta zauna ita ma. Sama da shekara ta yi tana bin aikin asibitin nan, amma tana kan kujerar darakta ta bi shi. Da motar kamfani ta je ta kwaso zannuwan gwaji masu tabon jini da na magani, da injin kamfani ta wanke su, a teburin kamfani ta tsara farashi. Sai asibitin ya yi shiru, shirun da har Ciyaman ya ce, "Rabu da su, 'yata, mai niyyar ba ka ba ya shanya ka haka." Da ta tashi kuwa, ba ta sanar da Manaja ba. Ba ɓoyewa ta yi ba, nauyin baki ne. Akwai mutane da yawa da har yau ba ta iya kira ta ce musu ta bar wurin ba.

"Lambar wa ya kira?" in ji Auta.

"Tawa."

"Wa ya amsa?"

"Ni."

"To magana ta ƙare. Ke kika yi ta zirga-zirga har takalminki ya suɗe. Ɗan Ciyaman ko ƙofar asibitin bai sani ba."

"A wajenmu ba haka ake..."

"Wajenku ina?" Ya ɗaga gira. "Kin ji ki ko? Kullum sai kin ce 'a wajenmu muna kaza, a wajenmu muna kaza'. Mu wa, Darakta? Nan ne wajenku yanzu, ga kwanon rufi yana yoyo."

Daga teburin guga, babbar cikin matan, wadda suke kira Uwar Guga, ta ɗago kai. "Na ji ana ambaton asibiti. In da gaske ne a faɗa mana, mu daina guge tawul ɗaya sau biyu don kada a ce muna zaman banza."

Sauran suka yi dariya. Darakta ta yi murmushi.

Washegari da hantsi ta hau benen da ofishin ƙawarta Lauya yake. Tare suka yi ɗaki a jami'a, shi ya sa ba sa gaisuwar kirki. Ɗakin cike yake da fayil-fayil har kan kujerar baƙi, fanka tana ta kaɗa takardun da aka danne da kofin shayi.

"Ga Darakta marar kamfani," in ji Lauya, tana kwashe mata kujera. "Zauna, 'yar kasuwa. Kin rame."

Ta saurari labarin tana juya biro a hannu. Da aka zo kan "ku za mu ba" ta yi 'yar dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba.

"Bari in raba miki abin gida biyu, ƙawata. Gwanintarki taki ce. Abin da ke cikin kanki, ba wanda zai tsare ki a bakin ƙofa ya ce ki zazzage shi kafin ki fita. Ki buɗe naki, ki yi gogayya da su, ki ƙwace musu kasuwa da kyawun aikinki, doka ba ruwanta. Wannan gida ɗaya ke nan."

"Na biyun fa?"

"Darakta ba ma'aikaci ba ne kawai, amana aka damƙa masa. Duk aikin da ya fara nuna kina kan kujera, da kuɗinsu da injinsu da sunansu, nasu ne. Ajiye kujera ba ya sauke wannan. Ba za ki yi renon bishiya da ruwan mutane ba, ranar da ta nuna ki ce ai jiya na bar gonar."

"Amma sun fid da rai da shi. Ciyaman da bakinsa ya ce in rabu da su."

"A zaman daraktoci ya faɗa, aka amince an janye?"

"A'a. A mota muke."

"To hira ce."

Darakta ta dubi fankar.

"In kuma Manaja ni yake nufi? In ya san na tashi, ni ɗin yake so?"

"Ko da sunanki ya rubuta a goshinsa. In suka kai ki kotu, abin da kika ci a aikin sai kin amayar, ko da su ba za su taɓa samunsa ba. In kuwa bai san kin tashi ba, kin ga har shi kin rufe ke nan." Lauya ta ajiye biron. "Ƙofa ɗaya ce. Ki je ki faɗa musu komai, kada ki rage ko ƙwayar zarra, su zauna su ce sun bar miki. In sun bar miki, ki ci da hannu biyu."

"In ba su bari ba fa?"

"Ke ma kin san karin maganar, ke da kike sana'ar tufafi. Kayan aro ba ya rufe katara."

Da ta sauko, ta daɗe zaune a mota ba ta tayar ba. Wani mai sayar da goge-gogen gilashi ya zo ya tsaya, ya gaji ya wuce. Abin da ke cin ta shi ne, ba wanda zai sani da wuri. Kamfanin ya manta da asibitin. Za ta iya yin wata da watanni tana wanki kafin labari ya kai, kuma kafin nan matan sun sami albashi, an gyara rufi, Auta ya daina kwana da tunani. Sai ta tuna motar kamfanin tana bin babban titin nan kullum, direban kuma ya san ta, ya san asibitin, bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ta ji kunyar kanta da ta ga wannan ne ya fara zo mata, ba amanar ba.

Ranar Laraba Manaja ya tarye ta tun daga bakin ƙofa. Suka bi doguwar baranda mai warin magani, suka wuce wata ma'aikaciya tana tura kwandon zannuwa, har zuwa ɗakin ajiyar kaya a bayan ginin. Kantoci ne har sama, an jera zannuwa an ninke su yadda aka ga dama. Hannunta ya kai kan ɗaya ya gyara masa kusurwa kafin ta ankara.

"Nan motarku za ta riƙa tsayawa," in ji Manaja, yana nuna wata ƙofar ƙarfe. "Masu datti ta nan, wankakku ta can, kamar yadda kuka ba da shawara tun farko."

Ta dafa ɗaya daga cikin kantocin.

"Manaja, in tambaye ka mana. Da ka ce 'ku za mu ba', su wa kake nufi?"

Ya yi murmushi. "Ku mana, ranki ya daɗe."

"Ni kaɗai ce tsaye a nan."

"Ai shi ya sa na ce..." Ya tsaya. Murmushin ya fara sauka.

"Na bar kamfanin tun watan jiya," ta ce. "Na buɗe nawa. Laifina ne da ban sanar da kai ba."

Ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya mayar. Can ya ce, "Gaskiya ban taɓa raba ku ba. A zaman hukuma sunan kamfani aka ambata. Amma da aka tambaye ni dalili, labarinku na bayar, wadda ta zo da kanta ta tsaya tana shinshina zanen gado a gaban likitoci." Ya dubi ƙofar ƙarfen, ya rage murya. "Ba wata matsala ba ce. Zan koma in ce musu mai aikin ta canza gida, a bi ta. Su zane mai tsabta suke so, ba suna ba."

Ga shi nan an miƙo mata, a fili, ba ruɗani. Ta ga injin nan cike har baki, ta ji ƙarar dutsen guga ba tsayawa, ta ga fuskar Auta.

"Kada ka koma tukuna," ta ce. "Akwai inda zan fara zuwa."

Ba ta biya ta sito ba, don ta san in ta ga Auta ba za ta je ba. Kai tsaye ta nufi tsohon kamfani. Maigadi ya buɗe mata ƙofa da sauri yana washe baki, har ta kusa faka mota a inda ta saba, sai ta ga motar ɗan Ciyaman a wurin. Ta ja baya ta tsaya a wajen baƙi. A ƙasa injina na ruri, tururi na tashi, ma'aikata na ɗaga mata hannu ta cikin hazon. Ta hau matakalar ƙarfen da ta san wace ce ke motsi a cikinsu, ta tsallake ta.

Ciyaman na zaune bayan teburinsa, ya ƙara tsufa a 'yan makonnin nan, ko kuwa ita ce ba ta taɓa kallonsa daga kujerar baƙi ba.

"'Yata. Kin tuna da mu."

"Barka da rana, Baba. Kun yini lafiya?"

Ta faɗa masa komai, tun daga wayar har abin da Manaja ya ce a ɗakin ajiya. Ba ta rage ba. Shi kuwa yana ta murza zoben hannunsa.

"To me kike so in ce?"

"Ina so ku bar mini shi, Baba. Ba zan ɓoye muku ba, in ban samu ba ban san yadda za mu kai ƙarshen shekara ba."

Ya juya wajen taga. Ta tagar gilashi ana ganin ƙasa, wasu samari biyu na jan zanen gado suna ninkewa, kusurwa da kusurwa, yadda ta koya musu.

"Da kamfanin nan nawa ne ni kaɗai, da kafin ki rufe baki na ce je ki," ya ce. "Amma akwai sauran daraktoci, akwai masu hannun jari, har da matar marigayi abokina da ba ta da wani abin dogaro sai nan. Igiyar da ta jawo ki har ofishin nan, ita ce a ƙafata. Ba zan yi kyauta da abin da ba nawa ba don ina jin kunyarki." Ya dube ta. "Zan kai maganar gabansu, yadda kika faɗa. Amma ke ma kin zauna a teburin nan. Da kina nan, wani ya tashi ya dawo da wannan roƙon, me za ki ce?"

Ta san amsar tun kafin ya gama.

"Da na ce aikin namu ne."

"To."

Ta ji kalmar "namu" a bakinta, ta ji inda ta karkace. Ta gyara zama.

"Naku ne, Baba."

Ya ɗago da sauri kamar an taɓa shi. Sannan ya gyaɗa kai a hankali.

"Yau kika tafi ke nan. Wancan karon ban ɗauka da gaske ba."

Ta miƙe za ta fita, ya ce, "Tsaya mana. Tabon maganin nan mai ruwan ɗorawa, da yaran nan suka kasa fitarwa, yaya kika yi da shi?"

"Duk abin da na gwada da injinku yana cikin fayil ɗin asibitin, a kabad na biyu. Ban ɗauki ko takarda ɗaya ba."

"Na gani. Sun bi shi, bai fita kamar naki ba."

"Sauran a ido yake, Baba. Wannan kam nawa ne, da shi zan ci abinci."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ja'ira. Wa ya koya miki rowa?"

"Ku."

Amsar daraktocin ta zo kafin mako ya fita, kuma ita ce wadda ta sani. Sun gode, sun yaba, sun karɓi aikinsu. Ita da kanta ta kira Manaja ta ce ya bar maganar yadda hukuma ta yanke.

Auta bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce, "Kin dafa, kin zuba a faranti, kin kai musu har ɗaki." Daga nan ya ɗauko tamfol ya lulluɓe injin na biyu, ya ɗaure shi tam, kamar wanda ba ya sa ran kwancewa nan kusa. Kwana biyu bai ce mata Yaya ba, bai kuma ce Darakta ba. Uwar Guga ta zo ta same ta a gefe ta ce biyu daga cikin matan sun fara tambayar aiki a wani wuri, kada ta ji a bakin wani.

A rana ta uku ta zo da sassafe, ta zaɓi zanen gado ɗaya, ta ɗiga masa maganin nan mai ruwan ɗorawa, ta bar shi ya bushe. Ta wanke rabinsa a injinta, da sabulunta, ta bar ɗaya rabin da tabonsa. Tana cikin ninkewa Auta ya shigo. Ya tsaya yana kallo, sannan ya kama ɗaya bakin zanen, suka haɗa kusurwa.

"Ina za ki kai shi?"

"Akwai asibitin haihuwa a bayan tasha. Ƙarami ne. Ban taɓa taka ƙafata can ba lokacin ina... lokacin ina wajensu."

"Gado nawa gare su?"

"Ban sani ba. Ba yawa."

"Ba zai cika ko rabin injin ba."

"Na sani."

Ya ɗauki makullin mota daga ƙusa. "Tashi in kai ki, Yaya."

A asibitin haihuwar, wata babbar nas ce zaune a bayan wata doguwar kanta, tana rubutu, ba ta ko ɗago ba. Jariri na kuka a wani ɗaki. Darakta ta yi sallama, ta tsaya rungume da zanen a ƙirji.

Nas ɗin ta dube ta ta saman tabarau, ta dubi Auta a bayanta.

"Ku su waye?"

Tsohon sunan ya taso mata har kan harshe, sunan da in ta faɗa za a ba ta kujera. Ta haɗiye shi.

"Ba ku san mu ba tukuna," ta ce, ta shimfiɗa zanen a kan kantar, ɓangaren tabon na fuskantar matar.